Daga Hannun Mai Wasa Zuwa Idon Mai Kallo

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka halarta. Maganarmu a yau a kan finafinan katun ne na almara da kasada, waɗanda mutane ke yi don sha'awa ba a ƙarƙashin wani kamfani ba, suna kuma ɗauko salonsu daga wasannin kwamfuta da ake kira RPG, inda mai wasa yake shiga rigar wani jarumi, ya ratsa wata duniya ta ƙage, yana yaƙar dodanni, yana tara makamai, yana hawa daga mataki zuwa mataki. Abubuwa huɗu na tsara: asalin lamarin, kayan aikinsa, matsalar labari, sai haƙƙin mallaka.

Asalin dai ba a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasa ne na takarda da alƙalami da ake yi a kan tebur, kuma daga gare shi aka gaji wannan ayari da kowa ya sani: mai takobi, da matsafi, da mai magani, da ɓarawon da ya iya buɗe kowane kwaɗo. Japan ta ɗauki tsarin ta ba shi nata launi da wasannin kwamfuta, Dragon Quest a 1986 da Final Fantasy a 1987. A 1996 kuma wasu masu buga Quake suka naɗi wani ɗan gajeren labari a cikin wasan da kansa, suka kira shi Diary of a Camper. Quake wasan harbi ne, ba na jarumai da matsafa ba, amma shi ya nuna wa jama'a cewa ana iya mayar da wasa ɗakin shirya fim, abin da daga baya aka sa wa suna mashinima. Da World of Warcraft, wasan RPG da jama'a da yawa ke bugawa tare a intanet, ya fito a 2004, YouTube kuma ya biyo baya a 2005, sai ga dandalin wasa ga gidan kallo, duk a ɗakin kwanan mutum.

Kayan aiki ba zan daɗe a kansu ba, amma ku riƙe lissafi ɗaya. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka minti goma kacal yana cin hoto 14,400. Wanda zai zana wannan da hannu shi kaɗai, sai mu yi masa addu'a. Shi ya sa wasu suka rungumi manhajar Flash, wadda ta cika shafin Newgrounds da katun har Adobe ya daina kula da ita a ƙarshen 2020, wasu suka ari injin wasa, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, kamar yadda Hugh Hancock da abokan aikinsa suka yi fim ɗin BloodSpell a cikin wasan Neverwinter Nights suka fara sakinsa kashi-kashi a 2006, wasu kuma suka koma Blender, manhajar ƙera katun a kwamfuta, wadda aka buɗe wa kowa kyauta a 2002 bayan masu amfani da ita sun tara Yuro 100,000 sun fanshe ta.

Yanzu ga abin da ya kawo ni, kuma ku yi mini uzuri idan na zauna a nan. Yawancin waɗannan finafinai ba rashin kyawun hoto ne ke kashe su ba. Abin da ke kashe su shi ne mai fim ya kwaso abin da yake da daɗi a hannun mai wasa ya ajiye a gaban mai kallo, alhali mai kallo babu komai a hannunsa. A cikin wasa, idan jarumi ya yi faɗa da kerkeci ashirin a jere, mai wasa ba ya gajiya, domin shi ne yake latsawa, shi ne zai mutu idan ya yi sake, shi ne kuma zai ga lambarsa ta ƙaru. A fim kuwa, kerkeci na farko abin tsoro ne, na biyu maimaici ne, na uku kuma mai kallo ya riga ya ɗauki wayarsa. Na ga wasunku suna dariya, ina zaton sun san fim ɗin da nake nufi, ko ma su suka yi shi. Lamarin kamar mutum ne ya tsare ka yana ba ka labarin mafarkinsa, shi jikinsa har rawa yake yi, kai kuwa kana danne hamma.

Matsalar ta fi zurfi a wajen jarumin kansa. Masu ƙera irin waɗannan wasanni da gangan suke barin jarumi fanko, a wasu ma ba ya furta ko kalma ɗaya, domin an bar gurbin ne mai wasa ya cika da kansa. Idan ka ɗauko wannan jarumi ka sa shi a fim yadda yake, ka ɗauko riga ne babu mutum a ciki. Wani dattijo zai tare shi a bakin ƙauye ya ce ya je kogo ya ɗauko wani zobe, sai ya tafi. Sarauniya za ta ce ya kashe dodo, sai ya kashe. Ɗan aike ne, ba jarumi ba. Mai kallo yana so ya san abin da wannan mutum yake so, da abin da yake tsoro, da abin da zai rasa idan ya ce a'a. Zan maimaita, domin nan ne gizo yake saƙa: a wasa zaɓi na mai wasa ne, a fim kuwa dole a ga jarumi yana zaɓa, a kuma ga zaɓin ya yi masa tsada.

Haka batun mutuwa. A wasa ana mutuwa a tashi, ana sha wani ruwan kwalba rauni ya warke nan take, ana komawa inda aka adana wasa a sake gwadawa. Idan mai fim ya bar wannan ƙa'ida yadda take, to ya gaya wa mai kallo tun daga farko cewa babu abin da zai sami kowa, kuma duk takubban da za a zare daga nan ado ne kawai. Mafita biyu ce na gani tana aiki. Ko dai ka mayar da ƙa'idar abin raha, kamar jarumin da ke shiga gidajen mutane yana fasa tukwane yana kwashe kuɗi masu gida suna kallonsa ba su ce uffan ba, ko kuma ka sa mata iyaka mai tsanani, kwalba ɗaya ta rage, mutum biyu kuma suna kwance. Wanda ya tsaya a tsakiya, ba raha ba tsanani, shi ne yake faɗuwa.

Na uku, ko na huɗu ne yanzu? To, haƙƙin mallaka. A 2007 kamfanin Microsoft da Blizzard, kamfanin da ya yi World of Warcraft, kowanne ya fitar da sharuɗɗan da suka yarje wa masoya su yi fim da wasanninsu muddin ba na kasuwanci ba ne, amma kowane kamfani da nasa sharaɗi, kuma kiɗan da ke cikin wasa sau da yawa hukuncinsa daban ne. Ku karanta kafin ku ɗora. Na ga hannu a baya. Bismillah, Malama.

Ga waɗanda ba su ji ba, Malama tana tambaya ne cewa idan an rage faɗa, an cire hawan mataki, an kuma sauya jarumi, me ya saura na wasan a cikin fim ɗin. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsata ita ce abu biyu sun saura, wuri da ayari. Waɗannan wasanni sun ƙware wajen sa mutum ya hango hasumiya a can nesa ya ji lallai sai ya isa, ya kuma san yawan dutse da kogin da ke tsakaninsa da ita. Fim zai iya gadar wannan kai tsaye, ya nuna taswira sau ɗaya, sannan ya bar mai kallo ya ji nisan tafiyar. Ayarin kuma, Malama, mutum huɗu ne da ba su yarda da juna ba amma kowanne yana buƙatar gwanintar ɗan'uwansa, kuma wannan ya isa labari ko da ba a ga dodo ba. Idan ke ce za ki fara, ina ba ki shawara ki yi minti uku kawai, wuri ɗaya, mutum biyu daga cikin ayarin suna gardama a bakin kogo a kan wanda zai fara shiga. Ki kashe rabin ƙoƙarinki a kan naɗar murya, domin mai kallo yana yafe motsi mai tauri amma ba ya yafe muryar da ba ya ji, dodon kuma ki bar shi a cikin duhu a ji gurnaninsa kawai, tunda gurnani ya fi sauƙin naɗa fiye da zana ƙafa huɗu suna tafiya.