Yaushe ya kamata a ɗauko wa yaro malamin jarrabawar LSAT?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, da 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune can baya, barkanmu da haɗuwa.

Tun da aka ji 'yata ta samu gurbin karatun lauya, iyaye suke tare ni, wani ma a ƙofar masallaci bayan Juma'a, tambayarsu ɗaya: "Alhaji, wane malami ka ɗauko mata?" Sau biyu na ɗauko. Na farko asara na yi, na biyu ya yi mana rana, kuma lokacin ɗaukar ne ya bambanta su.

A Najeriya yaro yakan shiga karatun lauya daga sakandare, ya yi shekara biyar a jami'a, sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi, kamar ta Bwari ko ta Bagauda. Nan Amurka sai ya gama digirin farko tukuna, ya nemi wasu shekara uku, kuma yawancin makarantu da jarrabawar LSAT suke auna shi. Makinta daga 120 ne zuwa 180. Ba a tambayar doka ko ɗaya a ciki. Hujja ake ba ka a ce nemo rauninta, ko rubutu mai nauyi a ce faɗi abin da marubuci yake nufi, kowane sashe minti 35. Maki kaɗan yakan raba wanda aka ba tallafin karatu da wanda zai fita da bashi a wuya.

Tsoron wannan ne ya sa na biya kuɗin awa goma, dala 1,500 na gumin tuƙin dare, alhali yarinyar ba ta taɓa zama ta gwada jarrabawar ba. Malamin ya ƙare awanninsa yana koya mata abin da ke nan kyauta a LawHub, shafin hukumar LSAC mai shirya jarrabawar. Ita ba ta san abin da za ta tambaye shi ba, shi kuma bai san inda ke yi mata ciwo ba.

Daga baya ta zauna a teburin kicin, ta kunna agogo, ta yi gwaji cikakke. Ta ci 149. Sai ta sayi littafin rubutu, duk tambayar da ta faɗi ta rubuta abin da ta zaɓa da abin da ya ja ta zuwa gare shi. Cikin wata biyu ta kai 158, daga nan abu ya cije. Gwaji biyar a jere, maki bai motsa ba. Wata rana da asuba ta buɗe mini littafin nan, ta ce, "Baba, duba." Kusan duk jan biron a kan tambaya iri ɗaya yake, wadda ake cewa nemo abin da mai hujja ya dogara da shi amma bai furta ba. A nan ne muka nemi malami na biyu, awa shida kacal, a kan wannan kaɗai. Ranar jarrabawa ta ci 165.

Akwai waɗanda zan ce su nemi malami da wuri: wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Nijar ko Kamaru, karatun Ingilishi na cinye masa lokaci, da mai aikin yini da ke buƙatar wanda zai tsara masa 'yan awannin da suka rage. Su ma su fara yin gwajin.

In za ku ɗauka, ku tambaye shi nawa ya ci da kansa. Ku duba littattafansa, domin tun Agustan 2024 aka cire wani sashe daga jarrabawar, na jera abubuwa bisa sharuɗɗa. Wanda har yanzu yake koyar da shi ku bar shi. Kada kuma a jira saura mako biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Sau bakwai kawai aka yarda mutum ya zauna jarrabawar a rayuwarsa, kowane zama ya haura dala 200, kodayake LSAC na yafe wa mai ƙaramin ƙarfi in ya nema.

Shugaba, roƙona shi ne asusun ƙungiya ya ɗauki kuɗin awa biyar na malami ga duk ɗanmu da ya kawo sakamakon gwaji biyar da littafin kurakuransa. Littafin 'yata yana nan cikin jakata, ta yarda a gani. Mai so ya same ni bayan an tashi.

Wassalamu alaikum.