Jawabina a taron ƙungiya na watan Agusta: mu kai yaranmu Hiroshima

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, malamai, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa, na san wasu daga wajen aiki suka wuce nan ko abinci ba su ci ba, Allah ya saka da alheri.

Shekarata tara a ƙasar Japan amma sai bana Allah ya nufa na je Hiroshima, kuma wallahi tun da na dawo abin ya ƙi barin raina. Mu dai abin da aka koya mana a makaranta layi ɗaya ne, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a 1945 yaƙi ya ƙare, shikenan. Da yawanmu nan kakanninmu sun je yaƙin Bama ƙarƙashin Turawan Ingila, Japanawa suka yaƙa, to labarin da ya iso gida shi ne sojoji za su dawo, aka yi ta murna. Ba wanda ya ba su labarin mutanen da bam ɗin ya faɗo wa.

Ranar Litinin ce, 6 ga Agusta, 8:15 na safe. Dubban yara 'yan sakandare an fito da su aikin rushe gidaje don tare gobara, a fili abin ya same su. A gidan tarihin tunawa da bam ɗin da ke Hiroshima na tsaya gaban kwanon abincin wani yaro, abin da uwarsa ta zuba masa ya zama gawayi bai ko taɓa ba, kwana uku tana nema kafin ta tarar da gawarsa rungume da kwanon. Ga kuma ɗan keke mai taya uku na yaro ɗan shekara 3, ubansa ya binne shi tare da keken a bayan gida saboda yana ganin ya yi ƙanƙanta ya kwanta shi kaɗai a maƙabarta. Nan na nemi waje na zauna.

Sai maganar ruwa. Mutane fatarsu ta saɓule tana reto, suna tafe suna roƙon ruwa, aka ce kar a ba su wai in sun sha za su mutu, aka hana su kuma suka mutu ɗin, waɗanda suka hana ɗin har suka tsufa suna kukan wannan abu. Wasu suka buɗe baki suka tari baƙin ruwan saman da ya sauko bayan fashewar, ashe guba ce. Mu da ko baƙo ba ma tambayarsa daga ina sai mun ba shi ruwa, ku auna wannan a ranku. Shi ya sa har yau a taron tunawa ake ajiye wa mamatan ruwa.

Kafin ƙarshen shekarar kusan mutum 140,000 sun rasu a Hiroshima, Nagasaki kuma da aka jefa wa nata ranar 9 ga wata wajen 74,000. Cikinsu akwai dubban 'yan Koriya, baƙi 'yan ƙwadago, wasu ma dole aka kawo su. Waɗanda suka tsira, da ake ce wa hibakusha, cutar daji ta yi ta ɗaukar su ɗaya ɗaya, wata yarinya Sadako Sasaki tana da shekara 2 aka jefa bam ɗin, ta rasu tana 12. Wasu aure ma aka hana su don tsoron me za su haifa.

Ƙungiyarsu Nihon Hidankyo ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024, amma sun ragu ƙasa da 100,000 kuma duk sun tsufa. Roƙona Shugaba, cikin kuɗin asusu a ɗaukar mana bas a hutun makaranta mai zuwa, mu je da yara su ji daga bakin tsofaffin nan, su da ke jin Japananci su fassara mana. Mai so ya ba Sakatare sunansa kafin mu tashi, ni na fara rubuta nawa da na yarana biyu. Wassalamu alaikum.