Furen da ya ƙi yarda a yaye shi

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla, mu fara.

Ku dubi hoton da ke kan allo. Na ga wasu sun yamutsa fuska, ban kuma ga laifinku ba. Wannan abu mai ruwan ƙasa, mai kama da bakin da aka wangame, fure ne. Tsawonsa milimita 11, wato kamar ƙwayar wake. Sunansa Gastrodia agnicellus, ɗan dangin okid ne, dangin da aka sani da furanni masu ɗaukar ido. Da masanan lambun Kew na Ingila suka fitar da jerin sababbin tsirran da aka raɗa wa suna a 2020, jaridu suka yi masa laƙabi da okid mafi muni a duniya. Ni dai ina ganin an zalunce shi, amma bari mu ci gaba.

Gidansa kurmin Ranomafana ne a kudu maso gabashin Madagaska, daji mai ruwan sama da duhuwa, wanda gwamnatin ƙasar ta keɓe a 1991. Johan Hermans, masanin da ya bayyana shi, sai da ya tsuguna ya yaye busassun ganyen da suka rufe ƙasa kafin ya ga furen. Ya zaci zai ji wari, sai ya ji ƙamshi mai kama da na wardi. Sunan agnicellus kuwa, a Latin "ɗan tunkiya" ke nan, saboda gargasar da ke jikin saiwarsa mai kama da ulu.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Tsiron nan ba shi da ganye ko ɗaya, ba shi da koren nan da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. To me yake ci?

Na'am, ɗan'uwa? Ƙuduji? Ka yi kusa. Ƙuduji yana manne wa saiwar dawa ko gero ya tsotse ta, kauci kuma yana hawa reshen bishiya. Amma dukansu biyu suna da ganye, kuma kai tsaye suke kama wanda suke ci. Shi wannan bai taɓa bishiya ba. Fumfuna yake tatsa, irin siraran zaruruwan nan farare da za ka gani idan ka ɗaga ruɓaɓɓen ganye a damina, waɗanda naman kaza ke fitowa daga jikinsu. Zaren ya shiga cikin saiwarsa, shi kuma ya narkar da shi ya sha abin da ya tattaro.

A gaskiya duk okid da haka yake fara rayuwa. Irinsa kamar ƙura yake, ba guzurin komai a ciki. Ku kwatanta da ƙwayar gyaɗa, wadda uwa ta cika mata jaka kafin ta fito. Irin okid idan bai haɗu da fumfunar da ta dace da shi ba, ba zai tsira ba. Yawancinsu da zarar sun yi ganye sai su fara ci da kansu. Shi wannan ya ƙi yarda a yaye shi, har ya mutu a kan nono yake. Shi ya sa yake zaune a ƙarƙashin ƙasa, ba ya leƙowa sai zai yi fure. Bayan furen ya ɗauki ciki sai karan ya miƙe sama, don iska ta samu ta kwashe ƙurar irin.

Ɗan'uwansa Gastrodia elata, wanda mutanen Sin suka daɗe suna magani da shi, an iya noma shi ne bayan an gane cewa sai an haɗa masa da itace mai ɗauke da fumfunarsa.

Saboda haka tambayar da wata 'yar'uwa ta rubuto, ko za a iya tono shi a kai lambu a adana, amsarta ita ce tukunya ba za ta riƙe shi ba. Abin da yake rayuwa a kai yana cikin ganyen da ya ruɓe, da danshi, da inuwar da ke kansa. Idan an sare kurmin don noman shinkafar tudu, aka cinna wuta, rana ta bugi ƙasa, fumfunar ce za ta fara mutuwa, shi kuma ya bi ta ba tare da kowa ya san yana wurin ba.

A sauya hoton, mu ga saiwar da kyau kafin a kira sallah.