Yayyafi Kaɗan, Sanyi Mai Naci

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Akwai wata magana da masu hasashen yanayi kan maimaita game da yankunan tsaunuka idan hunturu ya kankama. Sai ka ji sun ce za a sami 'yar dusar ƙanƙara ko ɗan yayyafi, sanyi kuma zai ci gaba har kwanaki. Mai sauraro yakan tsaya a kan rabin farko, ya ji an ce kaɗan, hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa rabin ƙarshen ne ke tayar mini da hankali, domin ɗan abin da ya sauko a kan tsauni, in sanyi ya hana shi narkewa, yana nan yana jiran na gobe ya zo ya hau kansa.

Mu fara da tudun kansa. A ƙiyasin masana, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa girgije guda zai zubar da ruwa a gindin dutse, ya zubar da dusar ƙanƙara a samansa. Shi ya sa kuma dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, ke ɗauke da ƙanƙara a ƙoƙuwarsa alhali yana dab da layin da ya raba duniya biyu. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a nahiyar Afirka ma a kan tsauni ne: garin Ifran da ke tsaunukan Atlas na Maroko, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a shekarar 1935.

To amma ga wani abin mamaki. A daren da gari ya yi tsit, babu iska babu gajimare, lissafin yakan juye. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sai ta gangaro daga kan duwatsu kamar ruwa, ta taru a cikin kwari ta kwanta. Ɗumi ya zauna a samanta kamar murfin tukunya. Mutanen kwari su kwana cikin hazo da hayaƙin da ya rasa hanyar fita, na kan tudu kuwa suna shan hantsi. Ƙauyen Oimyakon na Saiberiya, inda aka auna digiri 67.7 ƙasa da sifili a 1933, a cikin irin wannan kwari yake. In ƙasa ta riga ta yi fari fat, abin ya daɗa tsananta, don sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama. Ga rana ta fito, amma ƙasa ba ta amfana da ita ba.

A irin wannan hali ne ɗan yayyafi ke zama abin tsoro. Ɗigon ruwa ya taso daga sama inda ake da ɗan ɗumi, ya ratsa sanyin da ke kwance a ƙasa, bai kai ga daskarewa a iska ba. Yana taɓa kwalta ko reshe ko wayar lantarki, nan take ya zama ƙanƙara. Ba fara ba ce da direba zai hango ya rage gudu. Garau take kamar gilashi, har ana ganin baƙin kwalta ta cikinta, sai mutum ya ɗauka titin ya jiƙe ne kawai. A kan gangare, ga kwana ga rami a gefe, taka birki ba ya tsayar da mota. Gada kan riga sauran titi daskarewa saboda iska na ratsa ta sama da ƙasa. Gishirin da hukumomi ke watsawa yana taimakawa, sai dai in sanyi ya zarce digiri 10 ƙasa da sifili, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. A watan Janairun 1998, irin wannan ruwa ya yi ta zuba kwanaki a gabashin Kanada har manyan turakun lantarki na ƙarfe suka durƙushe, miliyoyin mutane suka zauna cikin duhu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Akwai kuma wani tarkon da ba ya bayyana sai daga baya, kuma shi na fi so mu tsaya a kai. Idan dusar da ta kwanta siririya ce, sanyi kuma ya daɗe, ƙasar da ke ƙarƙashi tana da ɗan ɗumi, iskar sama kuwa tana yanka. Wannan bambanci yana sauya ƙwayoyin dusar, su daina manne wa juna, su zama wara-wara kamar yashi. Makonni su wuce, babu wanda ya lura. Ranar da babbar dusa ta sauko, sai ta zauna a kan tushen da ba shi da ƙwari. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa gefen tsauni guda ya zame. Masu lura da zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai sukan haƙa rami su duba ta hawa-hawa, don abin da ya zuba a farkon hunturu shi ke gaya musu haɗarin da ke tafe.

Jikin ɗan Adam ma haka abin yake. Zafinsa na lafiya digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Yayyafin da bai isa a nemi laima ba ya isa ya jiƙa riga, jiƙaƙƙen tufafi kuwa zuƙe ɗumin jiki yake yi da sauri, balle in da iska. Alamar da ta fi muni ita ce mai rawar ɗari ya daina, harshensa ya yi nauyi, ya ce barci yake ji. Tsofaffi da jarirai da makiyayan da ke kwana a fili su ne a sahun gaba. Wasu kuma cikin ɗaki ajali ke samunsu: a toshe ko'ina, a hura wuta ko a tayar da janareta, iskar guba marar wari ta cika ɗakin ana barci.

Kada dai mu yi wa dusar nan butulci. Da yayyafi kogi kan cika, kuma a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce. Abin da sanyi ya adana a kan duwatsu shi ke narkewa sannu a hankali idan ɗumi ya dawo, ya shayar da koguna irin su Indus da ke tasowa daga yankin Himalaya, da Rhine da ke fitowa daga Alps. Manomin da bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba yana ban-ruwa da ita. Shekarar da ta yi ƙaranci, shi ne zai fara gani a gonarsa.

Ga mai niyyar ratsa tsauni a irin waɗannan ranaku, ya tambayi kwana nawa sanyin ya yi bai sassauta ba, ya sa bargo da sarƙar da ake ɗaura wa taya don hana santsi a mota, ya kuma jira rana ta ɗaga kafin ya kama hanya.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.