Kada Ka Kulle Ruwan Oksijin: Lacca Kan Rokar Masu Sha'awa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su: yadda ake tura mai cikin injin roka, halin ruwan oksijin (wato iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, ita ke sa mai ya ci wuta a injin), gwajin ƙasa, sai ranar harbawa. Rokar da nake nufi ita ce ta masu sha'awa, waɗanda ke haɗa kuɗi su ƙera da hannunsu, irin 'yan ƙungiyar Reaction Research Society ta Kalifoniya, wadda take nan tun 1943 kuma tana da filin gwaji a hamadar Mojave.

Na farko. Ranar 16 ga Maris 1926 Robert Goddard ya harba roka ta farko mai amfani da ruwan mai, a wata gona a Auburn, jihar Massachusetts ta Amurka. Fetur da ruwan oksijin ya zuba mata. Daƙiƙa biyu da rabi ta yi a sama, ta tashi mita 12 da ɗoriya, ta faɗa gonar kabeji. Abin da ya sha masa kai shi ne yake shan kan kowa har yau. Cikin tukunyar ƙonewa wuta tana tunkuɗowa da ƙarfi, kai kuma kana so ka cusa mata ruwa. Ko dai ka sa famfo, ko ka danna ruwan da iska daga saman tanki. Famfon roka aiki ne na manyan kamfanoni, shi ya sa masu sha'awa kusan duk iska suke sawa. Naitirojin ta fi arha, amma tana narkewa cikin ruwan oksijin, matsin ya faɗi. Hiliyam ba ta yin haka, sai dai tsada. Kuma dole matsin tanki ya fi na tukunya. A ƙananan ramukan da ke fesa mai kaɗai, injiniyoyi kan bar ratar kusan kashi 20 cikin ɗari na matsin tukunya. In ratar ta yi kaɗan, injin ya riƙa tari, yana ja yana saki, har wuta ta iya bin bututu ta koma baya.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Ruwan oksijin yana tafasa a digiri 183 ƙasa da sifili. Wato ƙanƙarar da kuke sa wa zoɓo, a wurinsa garwashi ce. Lita ɗaya in ta koma iska tana zama kusan lita 860. Ku rubuta: 860. To, ka rufe bawul nan, ka rufe bawul can, ɗan ruwa ya maƙale a tsakani. Ina zai je? Yana ɗumama, yana kumbura, ba ƙofa. Bututun ne zai fashe, ɓaraguzan ƙarfe su watsu. Saboda haka duk inda ruwan zai iya maƙalewa sai an sa masa bawul ɗin da ke buɗe kansa in matsi ya yi yawa. Duk inda, na ce. Ko bawul mai ƙwallo, shi kansa ƙwallon yana riƙe ruwa a cikinsa in an rufe, shi ya sa ake huda masa ɗan rami. Kada ka kulle ruwan oksijin. In kun manta komai na yau, ku tafi da wannan.

Sai maiƙo. Akwai ɗan mai walda a nan? Yauwa, ga hannu can. Ka tambayi babanka ko ya taɓa shafa giris a bakin tukunyar oksijin. Kafin ya amsa zai harare ka. Oksijin shi kansa ba ya ci da wuta, amma duk abin da zai ci, yana sa shi ya ci kamar an aiko shi. Ɗigon bakin mai a cikin bututu, shatin yatsa mai maiƙo, zaren tsumma, ya isa. Kwaltar da ruwan oksijin ya jiƙa tana iya fashewa in abu mai nauyi ya faɗo mata, don haka a kan siminti mai tsabta ake aiki. Rigarka ma in ta sha tururinsa, ka tsaya a sarari ta sha iska kamar rabin awa kafin ka kusanci wuta.

Ga kuma danshi, wanda mutane ke rainawa. Ɗigon ruwa a cikin bawul yana daskarewa nan take, bawul ya ƙi motsi. A watan Satumba 2010 ƙungiyar Copenhagen Suborbitals ta Denmak, 'yan sa-kai ne, suka ja rokarsu zuwa tekun Baltik. Da me suke ɗumama bawul ɗin oksijin? Da na'urar busar da gashi, irin ta shagon gyaran kai. (dariya) Wallahi. Lantarkinta ya katse, bawul ya daskare, aka gama ƙirge roka ba ta motsa ba. Ina girmama mutanen nan, domin sun fito sun faɗa wa duniya abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, suka koma suka gyara. A watan Agusta 2018 rokarsu Nexø II, mai amfani da man itanol da ruwan oksijin, ta kai kusan kilomita shida da rabi, ta sauko da lema, suka tsamo ta daga ruwa.

Ana nuna mini agogo. Na huɗu... a'a, gwajin ƙasa ban yi ba. Tanki da ruwan famfo ake fara gwada shi, a matsa shi ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki, saboda ruwa in tanki ya tsage tsiyaya yake yi, iska kuwa fashewa take. Daga nan a gudanar da ruwa ta bututu ba wuta, sannan a ɗaure injin a ƙasa a kunna daga nesa. A tabbatar abin kunnawa ya kama kafin a buɗe mai, don in mai da oksijin suka taru a tukunya sannan wuta ta zo, injin ya tarwatse. Max Valier, cikin magabatan wannan harka a Jamus, yana tsaye kusa da injinsa a Balin a watan Mayu 1930 ya fashe, ƙarfe ya shiga ƙirjinsa, ya mutu.

Ranar harbawa: izinin hukumar jiragen sama, a Amurka FAA, kowa a maɓoya, a duba iska, bawulolin da in lantarki ya ɗauke za su saki matsi da kansu, kuma ko ƙaramin ɗalibi ya ce a tsaya, a tsaya. Na'am, ga tambaya.

Wata ɗaliba: Malam, tunda ruwan oksijin yana da wannan wahala, ba gara a yi da iskar naitiros ba, irin ta likitan haƙori? Na ji ta fi sauƙi.

Tambaya mai kyau, 'yata. Ta fi sauƙin ajiya, gaskiya ne. Ba ta buƙatar wannan sanyi, kuma tana matsa kanta, kusan ninki 50 na matsin iskar da muke shaƙa a digiri 20. Amma ita tana iya rugujewa da kanta ta saki zafi, ba tare da an haɗa ta da mai ba, musamman in ƙazanta ta shiga tanki. Ranar 26 ga Yuli 2007, a Mojave, ma'aikatan kamfanin Scaled Composites suna gwajin gudanar da ita kawai, ba a kunna wuta ba, ta fashe. Mutum uku suka mutu, uku suka ji munanan raunuka. Ƙwararru ne, kuma suna kallo daga kusa saboda an ɗauka gwajin ba shi da haɗari. Sannan da zarar ta wuce digiri 36 ba ta zama ruwa ko an matsa ta, matsin tanki ya yi ta hawa. Ke daga ina? Sakkwato. To kin san abin da watan Afrilu yake yi a can, ana wuce 40 a inuwa. Tankin da aka bari a rana ranar harbawa, tun hantsi ya wuce wannan iyaka.