Gane ainihin irin shinkafa ta gwajin DNA

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman malaman gona da masu noman iri a fadamun Argungu da Suru. Buhu zai zo an rubuta FARO 44, sunan wani irin shinkafa, a shuka, sai ka ga wasu sun riga fitar da kai, wasu sun zarce tsayi. Ido ba ya raba wannan gardama, tunda taki da ruwa kan sauya kamannin shuka. DNA kuwa, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar shuka, babu ruwansa da taki.

To, daga gona aikin yake farawa. A bari shuka ta kai mako 2 zuwa 3, a yanki ganye mai taushi, kamar santimita 3. Kowace shuka da ambulan ɗinta da lambarta. Don Allah kada a cakuɗa ganyen shuka goma wuri guda, baƙon irin da ake nema sai ya saje. A goge almakashi da sifirit kafin a taɓa ta gaba. Sannan a rufe ambulan ɗin cikin roba mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu shanye laima. Nan aka fi tafka asara: a ƙulle ɗanyen ganye a leda cikin zafin nan namu, kwana biyu ya yi fumfuna, DNA ya farfashe.

A ɗakin gwaji ana niƙa ganyen, a zuba ruwan CTAB mai kashi 2 cikin 100, wato sinadarin da ke fito da DNA daga ganye, a ɗumama a digiri 65 kamar minti 30, a tace, a wanke da itanol mai kashi 70. In abin da ya kwanta, wato DNA ɗin, ya yi ruwan ƙasa, wataƙila ganyen ya tsufa, injin PCR zai yi gardama. Shi injin kwafin guntayen DNA yake yi, yana sauya zafi: digiri 94, 55, 72, zagaye kusan 35.

Me ake kwafa? Alamomin SSR, wato wuraren da haruffan DNA ke maimaita kansu, yawan maimaicin kuma ya bambanta daga iri zuwa iri. A kan jel, wani abu mai danƙo da ke rarraba guntayen DNA bisa tsayinsu, sukan fito layi-layi. Shinkafa kanta take yi wa barbara, saboda haka tsantsar iri layi ɗaya yakan nuna. Ka ga biyu? Ko an samu gauraye, ko almakashi ne ba a goge ba.

Alama ɗaya ba ta isa hujja, a zaɓi alamomi da yawa, a warwatsa su a kan kuromosom 12 na shinkafa, wato ƙunsoshin DNA ɗinta. Kuma dole a jera samfurinka gefen irin asali na masu ƙirƙira, kamar na cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja, a jel guda.