Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Birnin Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, masu martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, malamai da iyayen ƙasa, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin al'ummar wannan birni muna yi maka sannu da zuwa garin tsofaffin sarakuna Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, garin da ya tashi daga kwarin Gulbi ya hau tudu bayan ambaliyar 1945, ya kuma haifi masani irin Ɗan Dikko Ɗan Kulodo wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa.

Muna jinjina wa magabatan da suka riƙe martabar Nijar, tun daga Sarauniya ta Lugu wadda ta tsaya gaban dakarun Faransa a 1899, har Diori Hamani wanda ya karɓi ragamar ƙasa a 1960. Amma wanda ya fi kusa da taronmu na yau shi ne marigayi Janar Seyni Kountché, domin a zamaninsa aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, kuma a nan Maraɗi, a 1984, ana tsakiyar fari, aka zauna babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada.

Waɗanda suka cika alkawarin da aka ɗauka a wancan taro, ranka ya daɗe, manoma ne da ba a rubuta sunayensu ba. Su ne suka rungumi sassaben zamani, suka daina tumɓuke kututture, suna barin tohon da ya fi ƙarfi suna yi masa aski har ya zama itace. Shi ya sa gonakin da iska ke kwashe ƙasarsu a da suka cika da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya taki gero, ya ba dabbobi inuwa da abinci da rani. A ganinmu, su ma manyan ƙasa ne.

Muna fatan za ka isa tafkin Madarunfa inda tsuntsaye ke sauka, ka ga dajin Baban Rafi, sannan ka leƙa gandun dajin Gadabeji inda aka mayar da raƙuman dawa a 2018. Roƙonmu shi ne a ƙara wa masu gadin waɗannan wurare kayan aiki, domin saran itace ba bisa ƙa'ida ba yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Allah ya sa ka sauka lafiya, ya maida kai gida lafiya.